Yadda Za Ka Shirya Hotunan Shimfiɗar Ƙasa, Ka Sa Musu Farashi Domin Cinikin Farko

Mai ɗaukar hoton da ya saba yawon duwatsu da fadamu da bakin kogi yakan tara dubban hotuna a kwamfuta kafin ya riƙe ko guda ɗaya a takarda. Ranar da wani ya ce yana son ɗaya daga cikinsu domin ya rataye a falonsa, tambayoyi biyu ne ke tasowa a tare: yaya za a fitar da hoton ya yi kyau a bango kamar yadda ya yi a allo, kuma nawa za a ce? Ta biyun ba ta amsuwa sai an gama da ta farkon, domin wanda bai taɓa biyan kuɗin bugawa da firam da aike daga aljihunsa ba, duk farashin da ya faɗa shaci-faɗi ne. Saboda haka za mu bi aikin yadda ya kamata ya gudana, daga zaɓen hoto har zuwa karɓar kuɗi, kuma ma'aunin da za mu riƙe shi ne cinikin farko ya mayar da abin da aka kashe, ya kuma bar abin da za a buga na biyu.

Mataki na farko: ka zaɓi kaɗan

Hoto biyar zuwa takwas sun isa a fara da su. Kowane hoto da ka ƙara yana zuwa da nasa kuɗin gwaji, kuma mai saye da aka jibge wa hoto arba'in yakan yi ta yabawa ya tafi bai ɗauki komai ba. Ka fitar da kamar ashirin, ka bar su kwana biyu, ka dawo ka rage, sannan ka nuna wa mutum biyu ko uku waɗanda ba sa jin nauyinka. Kada ka tambaye su wanne ya fi kyau. Ka tambaye su wanne za su iya kallo kullum a ɗakinsu ba su gaji ba. Hoton da ya tara yabo a Instagram sau da yawa launinsa ne ya fizgi ido na daƙiƙa biyu, shi kuwa bango yana son hoto mai natsuwa wanda ido zai samu wurin yawo a cikinsa.

A ganina, abin da ya fi sayar da hoton ƙasa a wurinmu shi ne alaƙar mai saye da wurin. Bakanon da ke zaune a Legas ko Jidda zai tsaya a kan Dutsen Dala da hantsi fiye da yadda zai tsaya a kan wani tsauni da bai sani ba, haka Bazazzagi da Kufena, haka mutumin Taraba da tuddan Mambila, haka ɗan Agadas da duwatsun Azbin. Sai dai sanannen wuri yana da tasa matsalar. Dutsen Zuma yana jikin takardar naira 100, kuma duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna ya ɗauke shi da waya ta tagar mota, don haka idan za ka sayar da shi, dole naka ya zo da abin da na matafiyi ba shi da shi, ko hadarin damina da ya haɗo a bayansa, ko hasken asuba, ko kusurwar da sai an taka da ƙafa ake samunta.

Akwai kuma wata dama da irin wannan hoto yake da ita a gidajen Musulmi. Mutane da yawa ba sa rataye hoton mai rai a ɗaki, amma ba su da damuwa da dutse ko ruwa ko bishiya, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Ka tabbatar a cikin zaɓinka akwai waɗanda babu mutum ko dabba a ciki ko kaɗan. Wanda kuma manomi ko masunci ya fito a cikinsa har ana gane fuskarsa, ka nemi yardarsa kafin ka mayar da shi haja. Haka nan wuraren da hukuma ke kula da su, irin su Yankari da Gashaka-Gumti, ka tambayi ƙa'idarsu game da hoton kasuwanci tun kafin ka ɗauka.

Mataki na biyu: girman da hoton zai iya ɗauka

Kowane hoto yana da iyakar girman da zai kai kafin ya fara dusashewa, kuma lissafin ba shi da wuya. Ma'aunin da aka saba da shi a bugu mai kyau shi ne fiksil 300 a kowane inci (fiksil su ne ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto). Kyamara mai megafiksil 24 tana ba da hoto mai fiksil 6000 a tsawo da 4000 a faɗi. Idan ka raba kowanne da 300, za ka samu inci 20 da inci 13.3, wato kusan santimita 51 da 34. Wannan ya wadatar da takardar A3, wadda girmanta milimita 297 ne da 420. Takardar A2 kuwa, mai milimita 420 da 594, za ta sauko da kai kusan fiksil 256 a inci, kuma wannan ba laifi ba ne, domin babban hoto daga nesa ake kallonsa. Ƙasa da 200 ne ya kamata ka fara taka-tsantsan. Wayar da ke ba da fiksil 4000 da 3000 za ta yi A4 lafiya lau, za ta iya kai wa A3 idan an ɗauka da haske mai kyau, amma kada ka yi wa kowa alkawarin abin da ya wuce haka kafin ka gwada. Ka kuma tuna cewa duk abin da ka yanke daga hoton ya fita daga lissafin, fiksil ɗin da suka rage su ne naka.

Siffar hoto da siffar takarda ba ɗaya ba ce. Yawancin kyamarori suna ɗauka a kan 3 da 2, wayoyi a kan 4 da 3, takardun A kuma suna tsakanin biyun. Idan ka miƙa fayil ka ce a cika takarda, mai bugawa zai datse gefen hoton yadda ya ga dama, wataƙila ya tafi da bishiyar da ta daidaita hoton gaba ɗaya. Mafita ita ce ka bar farin gefe da kanka. Hoto mai santimita 36 da 24 yana zama a kan A3 ya bar kusan santimita 3 a kowane ɓangare, wanda ya isa wurin sa hannu da wurin riƙewa ba tare da yatsa ya taɓa tawada ba.

Mataki na uku: gyaran fayil

A nan ne mafi yawan bugun farko ke lalacewa, kuma dalilin kusan kullum ɗaya ne: allon ya yi haske da yawa. Allo fitila ne, haske daga cikinsa yake fitowa, takarda kuwa sai abin da hasken ɗaki ya ba ta take mayarwa. Wanda ya gyara hoto a allon da aka ƙure wa haske zai ga inuwar dutse tana da bayani, amma a takarda ta fito baƙi ƙirin. Masu wannan aiki sukan saita hasken allo tsakanin kandela (ma'aunin ƙarfin haske) 80 zuwa 120 a murabba'in mita, da farin D65 (fari irin na hasken rana) da gama 2.2 (ma'aunin yadda duhu ke hawa zuwa haske a allo), kuma akwai ƙananan na'urori na Calibrite da Datacolor da ake ɗorawa a kan allo su yi wannan saiti. Idan ba ka da ita, ka rage hasken allon zuwa ƙasa da rabi, ka ɗora farar takarda a gefensa, ka daidaita har farin allon ya yi kusa da farin takardar a hasken ɗakin da kake aiki. Kada ka yanke hukuncin launi a waya, domin an ƙera allonta ne ya ƙawata duk abin da aka nuna a kai.

Ka fara daga fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, idan da shi ka ɗauka, ko a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, ko a Darktable da RawTherapee waɗanda kyauta ne. Ka miƙar da layin da sama ta haɗu da ƙasa, musamman a hoton ruwa irin na Dam ɗin Tiga, inda ɗan karkacewa ke fitowa fili da zarar firam ya kewaye shi. Daga nan ka buɗe hoton zuwa kashi 100 cikin 100, ka bi shi lungu-lungu. Abin da kake nema shi ne ɗigon ƙurar da ta shiga kyamara, wanda ke fitowa kamar tabo a sararin sama, kuma duk wanda ya canza gilashin kyamara a lokacin hunturu yana da shi ko bai sani ba. Ka duba gefen duwatsu ko akwai farin zare da ya bi su, alamar an matsa wa kaifin hoto fiye da kima. Ka duba sama ko launinta ya rarrabu hawa-hawa maimakon ya narke a hankali. Aiki da fayil mai bit 16, wanda ke riƙe matakan launi da yawa, yana rage wannan.

Game da hazo ina da ra'ayi mai ƙarfi. Manhajojin gyara suna da maɓallin kawar da shi, kuma hannu yakan yi saurin kai wa gare shi, amma hazon hunturu shi ne kamannin ƙasarmu a watannin sanyi, shi ne ke jera tsaunuka ɗaya bayan ɗaya cikin launin toka mai laushi. Wanda ya share shi gaba ɗaya ya mayar da Filato wata ƙasa dabam, kuma ya jawo ƙura-ƙuran launi a sararin hoton. A taɓa shi kaɗan, a bar shi.

Launuka uku ne suka fi ba da wahala a takarda: koren shuka na tsakiyar damina, jan faɗuwar rana, da shuɗin sama mai zurfi. Allo yana iya nuna su da ƙarfin da tawada ba za ta kai ba. Idan wurin bugawar yana da fayil ɗin ICC na takardar da zai yi amfani da ita, wato fayil mai bayanin yadda launi ke fitowa a kanta, ka karɓa ka sa a manhajarka, za ta nuna maka kusan yadda hoton zai fito, sai ka rage ƙarfin launin da ya wuce gona da iri. Idan ba su da shi, ka fitar da hoton a tsarin launi na sRGB, domin shi yawancin injuna suke tsammani. Fayil mai tsarin launi na Adobe RGB da aka buga a matsayin sRGB yakan fito a koɗe. Ka ajiye uwar fayil a TIFF, nau'in fayil da ba ya zubar da ingancin hoto, ka fitar da kwafin bugawa a daidai girman da kake so, ka ƙara masa ɗan kaifi a ƙarshe, wanda za a ɗan fi ƙarawa idan takardar marar sheƙi ce domin tana shan tawada. Wajen aikawa kuma, ka sa a filashi ko imel ko Google Drive. Idan ta WhatsApp ne, ka tura shi a matsayin fayil, domin turawa a matsayin hoto tana matse shi ta zubar da ingancinsa.

Mataki na huɗu: wurin bugawa, tawada da takarda

Ba duk mai babban inji ne zai yi maka wannan aiki ba. Masu buga allunan talla da fastocin siyasa injinsu na leda ne da kallon nesa, ba na hoton da za a tsaya a gabansa ba. Ka nemi wurin wankin hoto da ke yi wa masu ɗaukar biki manyan hotuna da albam, ko wurin da ke yi wa masu zane bugu, ka yi musu tambaya huɗu: wane inji ne, wace tawada ce, wace takarda ce da sunanta da nauyinta, kuma za su iya kashe gyaran launi da injin ke yi da kansa? Ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin an saita injunan da yawa su gyara fatar fuska, sai su ɗumama hoton da ka sha wahalar daidaitawa.

Tawada iri biyu ce. Akwai ta rini wadda ke narkewa cikin takarda, tana da haske da araha amma takan fi saurin koɗewa, akwai kuma ta figiment mai ƙananan ƙwayoyin launi, wadda ke jure haske shekaru masu yawa. Injunan Epson SureColor na jerin P da Canon imagePROGRAF PRO da ita suke aiki. Akwai kuma wankin sinadari a kan takarda irin Fujicolor Crystal Archive, wanda yake da kyau da sauƙin kuɗi, kuma babu abin kunya a fara da shi muddin ka gaya wa mai saye abin da ya saya. Takarda mai ƙyalli sosai tana fito da launi amma tana riƙe shatin yatsa tana kuma mayar da hasken fitila. Mai matsakaicin sheƙi ita ce ta fi dacewa da mai farawa, domin tana karɓar kusan kowane hoto. Takardar auduga marar sheƙi, irin Hahnemühle Photo Rag mai nauyin giram 308, tana yi wa hoton hazo da na rairayin Yusufari kyau ƙwarai, sai dai baƙinta bai kai na mai sheƙi zurfi ba, tana da tsada, kuma daga waje ake shigo da ita, don haka kuɗinta yana bin canjin dala.

Kada ka buga babba kai tsaye. Ka yanko ɓangarori uku daga hoton a ainihin girman da za su fito, wuri mafi duhu da wuri mafi haske da wuri mai launi mai ƙarfi, ka jera su a takardar A4 guda ka buga a kan irin takardar da za ka yi aiki da ita. Ka duba a bakin taga da rana, ka sake dubawa da dare a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki irin wanda ke yawancin falo. Idan inuwa ta toshe, ka buɗe ta kaɗan ka sake gwadawa. Idan ya yi, ka rubuta sunan takarda da inji da saitin da ka yi, domin wanda ya sayi kwafi na bakwai ya samu irin abin da na farko ya samu. Bugun tawada kuma a bar shi ya sha iska awa 24 a wuri marar ƙura kafin a rufe shi da gilashi.

Mataki na biyar: sa hannu, adadi da haƙƙin mallaka

Ka sa hannu a farin gefen ƙasa, da fensir idan takardar auduga ce, da alƙalamin figiment idan mai sheƙi ce, domin biro yana koɗewa. A baya ka rubuta sunan wurin da shekarar ɗauka da shekarar bugawa. Sai ka yanke shawara ko hoton zai zama mai ƙayyadadden adadi ko marar iyaka. Idan ka rubuta 1/25, ka ɗauki alkawari ke nan cewa a wannan girman ba za ka taɓa buga fiye da 25 ba, ko da daga baya hoton ya yi farin jini, kuma amana ce da ba a warware ta. Shawarata ga mai farawa ita ce ya bar ƙananan ba iyaka, ya ƙayyade manyan a adadi kaɗan kamar 10 ko 25, ya kuma buɗe littafi da zai riƙa rubuta lambar kowane kwafi da ranar da ya fita da wanda ya saya. Ka haɗa wa mai saye 'yar takardar shaida mai ɗauke da waɗannan bayanai da sunan takarda da tawada.

A cikin takardar shaidar ka rubuta cewa haƙƙin mallakar hoton yana hannunka. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare hoto tsawon shekara 50 daga fara fitar da shi ga jama'a, kuma mallakar ba ta komawa hannun wani sai da yarjejeniya a rubuce. Wanda ya sayi kwafi ya sayi takardar da zai rataye ne, bai sayi izinin sa hoton a kalanda ko tallar kamfaninsa ba. Wannan ciniki ne dabam mai farashinsa dabam.

Mataki na shida: firam

Yanayinmu yana gwada firam ta fuska biyu, laimar damina da ƙurar rani. Kada hoto ya taɓa gilashi, domin idan laima ta shiga yakan manne, kuma ba ya ɓantaruwa sai da rauni. Kwali mai taga da ake sawa tsakanin hoto da gilashi shi ne ke raba su, kuma ya kamata ya zama marar asid, in ba haka ba gefen hoton zai yi rawaya da daɗewa. A maƙala hoton daga sama kawai da tef marar asid, a bar ƙasansa sake domin takarda tana miƙewa tana tsukewa da sauyin yanayi. Salatif da gam na kanti ba su da wuri a nan. Idan bayan firam ɗin katakon kwali ne, a sa tsaftataccen kwali tsakaninsa da hoton, sannan a liƙe bayan gaba ɗaya domin ƙura da ƙwari. Ka tsaya a kan mai firam ya yi aiki da busasshen katako. Gilashin roba ya fi sauƙin nauyi kuma ba ya fashewa a hanya, amma yana jan ƙura a lokacin hunturu kuma yana saurin karcewa. Siririn firam baƙi ko mai launin katako ya fi barin hoto ya yi magana a kan mai ruwan zinariya da zane-zane.

Mataki na bakwai: lissafin farashi

Yanzu da ka biya komai da hannunka, ka ɗauko rasidanka. Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai domin a ga yadda lissafin ke tafiya, kai kuma ka sa na garinku, da naira ne ko sefa ko sidi. A ce hoton A3 ne a cikin firam: bugawa naira 15,000, rabon kuɗin gwaji 3,000, kwali da firam da gilashi 20,000, kayan ƙunshewa 3,000, zirga-zirga tsakanin wurin bugawa da mai firam 4,000. Jimla 45,000. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 na asara, domin wata rana takarda za ta karce ko gilashi ya fashe, ya zama 49,500. Wannan ita ce uwar kuɗin kwafi ɗaya.

Akwai kuɗin da ba ya fitowa a rasidi, kuma shi ne masu farawa suka fi mantawa. Idan tafiyar da ka ɗauko hoton ta ci naira 100,000 ta mota da masauki da ɗan jagora, kuma kana ganin a gaskiya za ka sayar da kwafi 20 daga hotunan wannan tafiya, kowane kwafi yana ɗauke da 5,000. Idan gyara da kai-komo da ƙunshewa sun ci maka awa uku, ka kuma kimanta awarka a 3,000, an samu 9,000. Jimla ta koma 63,500, kuma duk abin da ka karɓa ƙasa da wannan, kai ne ka biya wa mai saye wani ɓangare na hotonsa. Hanya mai sauƙi da mutane da yawa ke bi ita ce ninka uwar kuɗi sau biyu zuwa uku. Ninki biyu na 49,500 ya kai 99,000, a ce 100,000, wanda ya bar maka ribar 36,500 bayan an cire komai. Daga irin wannan riba ce za a sayi sabon batir, a gyara kyamara, a yi tafiya ta gaba.

Sai ka fita ka gwada wannan adadi da kasuwa. Ka shiga wuraren baje kolin zane irin su Nike Art Gallery ko Thought Pyramid a Abuja idan kana kusa, ka kuma leƙa shagunan kayan adon gida da ke sayar da hotunan bango na kamfani. Ba za ka kai farashin wanda ya yi suna ba, kuma ba za ka iya gasar araha da abin da inji ya buga dubbai ba, matsayinka yana tsakani. Idan lissafinka ya fi ƙarfin masu sayen da kake da su, kada ka zaftare ribarka. Ka rage girman hoton, ko ka koma takarda mai sauƙi, ko ka sayar ba firam a cikin kwali da leda mai tsabta. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma hoton da aka karyar da shi tun ranar farko yana da wuyar ɗagawa daga baya, domin wanda ya saya a 30,000 shi ne zai gaya wa na gaba nawa ya biya.

Girma uku sun isa, misali A4 da A3 da A2. Kowanne ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi a girman filin takarda, amma ka yi wa kowanne nasa lissafin, domin kuɗin firam da aike ba sa tafiya daidai da girman takarda. Ƙaramin shi ne ƙofar shiga ga mai ƙaramin ƙarfi da mai neman kyauta, babban kuma shi ne na ofis da otal.

Idan wani shago ko gidan baje koli zai sayar maka, la'adarsa takan kai kashi 30 zuwa 50 cikin 100, kuma a nan ake yin kuskuren lissafi mai tsada. A ce la'adar kashi 40 ce. Idan aka sayar a 100,000, abin da zai zo hannunka 60,000 ne, ƙasa da 63,500 da ka kashe. Idan ka ce bari ka ɗora kashi 40 a kai ya zama 140,000, za a cire 56,000, ka tashi da 84,000. Domin ka samu 100,000 cif, raba za ka yi da 0.6, wanda ya ba da kusan 167,000. Kuma da zarar ka amince da wannan farashi a shago, shi ne farashinka a ko'ina, domin wanda ya saya a can ya ji kana bayarwa da rahusa a gida ba zai dawo ba, mai shagon ma haka. Duk hoton da ka bari a hannun wani, a rubuta adadinsa da farashinsa da wanda zai ɗauki asara idan ya lalace, ku biyu ku sa hannu.

Mataki na takwas: ciniki da isar da kaya

Ka rubuta farashi a fili kusa da kowane hoto, tare da girma da irin takarda da ko da firam ne. Mutanenmu za su taya, wannan al'ada ce ba raini ba, don haka ka san ƙasan da ba za ka sauka ba tun kafin a fara magana, ka bar ragin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, wanda ya fi dacewa da mai ɗaukar biyu ko uku. Abin da ya gaza haka, ka ce albarka cikin fara'a. Hoto mai ƙayyadadden adadi kuwa ban ga dalilin yi masa ragi ba, sai ma ƙari idan rabinsa ya ƙare. Ɗan'uwa ko aboki da ya nuna sha'awa, ko dai ka ba shi kyauta da zuciya ɗaya ka rubuta a littafinka cewa kyauta ce, ko ya biya kamar kowa. Bashi ne ke ɓata zumunci da jari a lokaci guda.

Kada ka tara kaya da yawa. Ka buga ɗaya ko biyu na nuni, sauran sai an nema, kuma a kan manyan ka karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ka faɗi ranar da za ka kammala har da 'yan kwanakin rara saboda wuta da mai firam. Idan ta banki aka turo, ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna kafin kaya su fita, kada ka dogara da hoton rasidi ko saƙon waya. Wajen tallatawa, ka ɗauki hoton firam ɗin a rataye a bango kusa da kujera domin a gane girmansa, ka kuma kai samfur da ƙafarka otal-otal da ofisoshi da wurin masu tsara adon gida da masu jeren amare, domin takarda a hannu tana yin abin da allon waya ba ya yi.

Wajen aikewa, ƙaramin hoto marar firam a sa shi a leda, a matse shi tsakanin kwali biyu masu tauri da suka fi shi girma. Babba a shimfiɗa masa takarda mai laushi a fuska, a naɗe shi sako-sako a sa a bututu mai faɗin santimita 8 ko fiye. Bututun roba na masu aikin famfo yana yi idan an wanke shi ya bushe an toshe bakinsa biyu. Takardar auduga mai kauri ba ta son naɗi, gara a aika ta a shimfiɗe. Mai firam a sa masa kwali a kusurwa huɗu, a gicciya tef a kan gilashin domin ko ya fashe kada ya yanki hoton, a naɗe da leda mai kumfa. Idan ta tashar mota za ka bayar, ka ɗauki hoton ƙunshin kafin ka miƙa, ka karɓi lambar direba da ta mota, ka roƙa a tsayar da shi a gefe kada a ɗora masa kaya, kuma ku yi magana da mai saye tun farko a kan wanda zai biya kuɗin aike. Ka sa masa 'yar takarda a ciki da ke cewa kada ya rataye hoton inda rana ke dukansa kai tsaye ko a bangon da ke tsattsafo da damina, kuma ya goge gilashin da busasshen ƙyalle mai laushi. Bayan ya tabbatar maka kaya sun isa lafiya, ka koma littafinka ka rubuta abin da ka kashe a zahiri kusa da abin da ka ƙiyasta, ka gyara farashin kwafi na gaba da bambancin da ka gani, ka kuma sake duba kuɗin takarda da firam duk bayan wata uku.